Fitilar da Ta Ce Lafiya Lau

Kore ce fitilar. Wannan zan faɗa ko a gaban wa aka tsayar da ni, kuma ba zan rage murya ba. Da yammacin Talata na tsaya a ƙofar siton dankalin iri na ƙungiyarmu ta manoma, na ɗaga kai na dubi fitilar da ke saman akwatin na'urar da ke kula da iskar siton, tana kore shar kamar kullum, na ja ƙofa na kulle na tafi gida. Da safe da na buɗe, sanyin da ya mare ni a ciki ya fi na waje. Tagogin iska na bangon arewa a wangale, fankoki suna ta zuƙo iskar ƙanƙara suna hura wa dankali. Na ɗauki ɗaya, ya zama dutse. Fitila kuwa tana nan kore, ko kunya ba ta ji.

Sunana Hiltje Boonstra. A jirgin ruwan dakon kaya aka haife ni, yau muna nan gobe muna can, babu makarantar da ta riƙe ni har na koyi abin kirki. Karatuna na sunan tasha ne da abin da aka buga a jikin buhu. Makullin siton nan tun mijina na raye yake gidanmu, da ya rasu ya zama nawa. Shekarar da aka kawo na'ura na faɗa musu gaskiya, ni ba na karanta allo. Suka ce ba sai kin karanta ba, Hiltje, in kore ce ki tafi ki kwanta, in ja ce ki kira mu. Haka na yi ta yi, ban taɓa saɓawa ba.

Dankalin da ƙanƙara ta kama, in ya saki sai ya yi ta zubar da ruwa, ya yi laushi, ya ɗau wani wari mai zaƙi-zaƙi da ke bin mutum har cikin gashi. Duk layin da ke jikin bangon arewa ya tafi. Akwai na maƙwabciyata Geeske a ciki, akwai na ƙanenta Siebren Wiersma, shugaban ƙungiya. Irin da za a shuka da bazara ke nan.

Siebren ya same ni ina kwashe ruɓaɓɓen da shebur. Ya tsaya daga bakin ƙofa, hannu a aljihu.

"Na kira kamfanin na'urar," ya ce. "Sun ce ta wajensu komai daidai. An ɗauke wuta ranar Talata da rana, na'ura ta mutu, ta sake tashi lafiya. Sun ce sai dai in wani ne ya taɓa da hannu."

"Wani wa?"

"Makulli ɗaya ne, Hiltje."

"To faɗi sunana mana. Bakinka ne ya daskare shi ma?"

"Ba wanda ya ce da gangan kika yi. Shekaru ne, kowa na zuwa can. Ranar Juma'a za mu zauna a nan, a ba da makullin ga wanda ke iya karanta abin da allo ke cewa. Ki huta haka."

Na jingina shebur. Na ce masa ranar da na fara riƙe makullin nan yana yawo da majina a hanci, yana satar tuffa a gonar limamin coci. Ya ce wannan ba ya cikin maganar. Na ce yana ciki, tunda shekaru ya kawo.

Ba makullin kaɗai ke cina ba. A ƙauye irin namu, in aka karɓe shi a kan wannan magana, to har in mutu ni ce tsohuwar da ta daskarar da irin mutane. A kantin burodi ma an fara yin shiru in na shigo.

Washegari na cika bokitina na ƙarfe da ruɓaɓɓen dankali, na rufe da buhu, na shiga bas zuwa Groningen, birnin da ofishin kamfanin yake. Geeske ta raka ni tasha tana toshe hanci.

"Maƙwabciya, direba zai sauke ki a hanya."

"Ya gwada."

"Me za ki ce musu? Ke da ba ki san sunan ko waya ɗaya a cikin akwatin ba."

"Ba sunan waya zan tambaya ba."

Duk kujerun da ke kewaye da ni a bas ba wanda ya zauna. Ban taɓa tafiya cikin walwala irin ta ranar ba.

Ofishinsu yana hawa na sama a wani tsohon gidan ajiye hatsi. Na tarar da su tsaye sun yi da'ira, kamar yadda suke yi kowace safiya, kowa da kofin kofi, wasu ma ba takalmi sai safa, kowa na faɗin abin da ya yi jiya da abin da zai yi yau. Na ratsa tsakaninsu na dire bokiti a tsakiyar da'irar, na yaye buhun.

"Ni ma ga abin da na yi jiya," na ce.

Wata ta ruga ta buɗe taga. Wata doguwa mai suna Renske, wadda na gane ita ce shugabarsu, ta ce, "Uwargida, in ƙorafi ne, akwai wurin da ake shigar da shi ta kwamfuta, a ba shi lamba, a bi layi."

"Ga shi nan na shigar. Ki ba shi lamba."

Wani ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Mutum ne mai furfura kaɗan a gemu, rigar sanyinsa ta huje a gwiwar hannu. Ya tambaye ni daga wane sito, na faɗa. Daga yadda ya ja ƙarshen maganarsa na ji ɗan ƙauyukan arewa ne, ba ɗan birni ba. Ya ce sunansa Wessel Dijkhuis, shi ke kula da manhajar da ke cikin akwatinmu. Ya jawo mini kujera kusa da teburinsa, ya kawo kofi da biskit ɗaya.

"Waninku ne ya kunna fankokin daga nan," na ce. "Na san kuna iya taɓa akwatin daga nesa. Ku fito da shi."

"Ba wanda ya taɓa, uwargida. Amma bari in duba yadda ta tashi bayan an kawo wuta."

Ya daɗe yana kallon allo. Ni kuma ina kallon fuskarsa, don ita nake iya karantawa. Can sai na ga kunnuwansa sun yi ja. Ya cire tabarau ya goge da rigar, ya mayar.

"Ba ke ba ce," ya ce a hankali.

"Wannan na sani tun daga gida. Faɗa mini abin da ban sani ba."

Ya juyo da kujerarsa. Ya ce manhajar ba ita kaɗai ke aikin ba, akwai ɓangarori da ake maƙala mata, kowanne da aikinsa. Duk lokacin da ta tashi sai ta kira su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gona da 'yan ƙodago da safe. Akwai mai fanka, akwai mai tagogin iska, akwai mai gadin ƙanƙara, wanda ke rufe tagogin in waje ya yi sanyi da yawa. To shi mai gadin ba ya iya komai shi kaɗai, ya dogara da wani ƙaramin ɓangare da ke karanto masa ma'aunin sanyin waje. Da suka turo sabuntawa da kaka, sun cire wannan ƙaramin sun sa sabo. Mai gadinmu kuwa tsohon ƙira ne, tsohon yake nema. Muddin na'ura ba ta mutu ba, ba a gane ba. Ranar da aka ɗauke wuta ta sake tashi, mai gadi ya nemi abokin aikinsa ya rasa, ya kasa miƙewa.

"Da ta kira shi bai amsa ba fa?"

"Sai ta tsallake shi ta ci gaba."

"Ta kunna kore."

"Kore na nufin ita uwar manhajar ta tashi."

"Ba haka aka faɗa mini ba. Cewa aka yi in kore ce in tafi in kwanta."

Na buga tafin hannu a tebur har biskit ya yi tsalle.

"Wane marar hankali ne ya koya mata haka? In ba mai gadi, ta ƙi tashi mana! Ta zauna a mace, da na ga duhu na kira ku."

"Ni ne marar hankalin," ya ce. "Kuma da can yadda kika faɗa take yi. In ko ɓangare ɗaya ya ɓace, ba ta tashi sam. Sai aka yi wani mai siton albasa, abin da ya ɓace masa ɗan ɓangaren da ke buga rahoto ne kawai, abin da ba ya kashe kowa. Na'ura ta ƙi tashi ranar Asabar, shi yana wajen bikin 'yarsa. Fanka ko ɗaya bai juya ba, albasa ta dahu a cikin zafinta. Ya zo nan ya yi mana abin da kike yi, sai dai shi bai kawo bokiti ba. Na zauna na canza ta da hannuna, na ce ko me ya ɓace ta tashi ta yi aiki da sauran."

Na san warin albasar da ta dahu, ya fi na bokitina muni.

"To ta mutu ba daidai ba, ta yi shiru ba daidai ba," na ce. "Ku nemo ta uku. Aikinku ne, ba nawa ba. Ni nawa shi ne ranar Juma'a. Ka zo gaban mutanena ka faɗi abin da ka faɗa mini."

Renske ta matso, dama tana jin mu. Ba ta yi mini rashin kunya ba, wannan zan ba ta. Ta ce za su gyara, kuma za su gyara wa kowa, ba mu kaɗai ba. Amma maganar wa ke da laifi, ta ce ta masu inshora ce, kuma sun hana ma'aikaci ya buɗe baki kafin su gama bincikensu.

"Yaushe za su gama?"

"Wataƙila da bazara."

"Da bazara makullina yana aljihun wani, 'yata. Ke kina da inshora. Ni sunana ba shi da ita."

"Ina jin ki, uwargida, wallahi ina jin ki. Amma ba zan iya ba shi izinin ya ce laifinmu ne ba."

Na dubi Wessel. Ya sunkuyar da kai yana murza gemu. Na san irin wannan shirun, na mutumin da ke da haya da yara ne. Ban zage shi ba, ko da yake zagin ya zo mini har haƙori. Na tashi na ɗaura ɗankwalina.

"Bokitinki, uwargida," in ji wadda ta buɗe taga.

"Na bar wa Wessel aro." Na juya gare shi. "Kai ɗan arewa ne, na ji a bakinka. Ka san ba a aiko da kwanon mutum ta hannun wani, kuma ba a mayar da shi wofi. Juma'a da rana, a sito."

Na sauko. A bas ɗin komawa mutane suka zauna kusa da ni, sai na ji duk na takura.

Ranar Juma'a aka jera benci a tsakiyar sito, kowa da rigar sanyinsa. Geeske ta kawo kofi da burodin zabibi. Manoman ƙungiya sun zo kusan duka, har da waɗanda ba sa zuwa taro sai an ce za a raba wani abu. Wessel bai zo ba. Na zauna a gaba da makullin a cinyata, ina jin idanu a bayan wuyana.

Siebren ya miƙe ya fara da yabo. Ya ce Hiltje ta yi wa ƙungiya hidima tun wasu ba a haife su ba. Duk wanda aka fara yaba wa haka, ya san ana haƙa masa rami.

"Ka taƙaita, ƙanena," in ji Geeske. "Ba jana'izarta muka zo ba."

"Yaya, ki bari in gama."

"Na je kamfanin," na ce ba tare da na miƙe ba. "Mutuminsu ya duba, ya ce ba ni ba ce. Wani ɓangare ne ya ɓace a cikin akwatin."

"A rubuce ya ba ki?"

"Da baki ya faɗa."

"To ni da baki suka faɗa mini komai daidai," in ji Siebren. "Kuma ga fitila can, kowa ya duba, kore ce. In da wani abu ya ɓace, ai da ta nuna."

Wasu suka gyaɗa kai. Fitilar da ta cuce ni, ita ce kuma aka kira shaida a kaina. Na riƙe makullin har ya shiga naman hannuna, na ce a raina sai dai su ɓamɓare yatsuna.

Siebren na cewa a ɗaga hannu ke nan, aka turo ƙofa. Wessel ne, da hular ulu, takalminsa duk laka, bokitina a hannunsa an wanke shi tas yana ƙyalli. A ciki akwai ƙaramar kwamfutarsa da wayoyi, da cuku guda a nannaɗe a takarda.

"Ku yi haƙuri, bas ya ajiye ni a mararraba," ya ce. Ya miƙo mini cukun. "Ga kwanonki, uwargida."

"Malam, kai ne na kamfanin?" in ji Siebren. "To faɗa mana, laifin wa?"

"An hana ni faɗin laifin wa. Ba a hana ni gwada na'ura a gaban masu ita ba, wannan aikina ne."

Ya buɗe akwatin ya jona kwamfutarsa. Ya ce wa Siebren ya je waje ya ciro ma'aunin sanyin da ke jikin bango, ya tsoma kan ma'aunin a cikin ƙanƙara. Ƙanƙara ba ta yi wuya ba, ramin bayan sito a daskare yake. Siebren ya fasa ya cika bokitina, ya tsoma ma'aunin, ya dawo yana hura hannu.

"Yanzu a wajen na'ura, waje ya daskare," in ji Wessel. "Me ya kamata tagogin su yi?"

"Su rufe," in ji mutane.

Muka ɗaga kai. Tagogin suna buɗe, fankoki na juyawa. Muka jira. Wani ya yi tari. Tagogin ba su motsa ba, fitila kore.

"Tun ranar Talata haka take," ya ce. "Mai gadin ƙanƙara bai tashi ba, don abin da ya dogara da shi ba ya nan. Ba hannun kowa a ciki."

"To amma mai karatu da ya gani a allo," in ji Siebren.

"Zo ka karanta mana, ƙanena," in ji Geeske. "Kai ne ka yi makaranta."

Ya je ya sa tabarau ya sunkuya. Ya daɗe. Ya ce allo ya ce komai na aiki.

Wessel ya ce yanzu zai sa gyaran da ya kwana yana yi, amma da gangan ba zai mayar da ɓangaren da ya ɓace ba tukuna, don mu ga yadda za ta yi. Ya gama danne-dannensa, ya ce a kashe wuta a kunna. Na ce ba mai taɓa makunnin nan sai ni. Na je na ja shi ƙasa, sito ya yi tsit. Na mayar da shi sama.

Na'ura ta tashi. Fankokin ciki suka ci gaba da juya iskar ɗaki, don kada dankali ya yi zafi. Tagogin waje suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ƙaf, ƙaf. Fitila ta yi ja, ƙararrawa ta ɗau ihu, wayar Siebren ta fara ruri a aljihunsa, tawa ma a jaka.

"Yanzu kafin ta tashi tana duba wa ya dogara da wa," Wessel ya ɗaga murya saboda ƙarar. "In ƙaramin abu ne ya ɓace, za ta yi aiki ta kunna fitila ruwan ɗorawa. In mai gadi ne, za ta yi aiki da abin da ba zai cutar ba, ta rufe waje, ta yi ta ihu da sunan abin da ya ɓace har sai mutum ya zo. Kore ba za ta fito ba sai kowa ya amsa."

Ya mayar da ɓangaren, na sake kashewa na kunna. Kore ta fito. Ma'auni na cikin ƙanƙara, tagogi a rufe gam.

Siebren ya tsaya yana juya hularsa. Ya ce to, tunda haka ne, yana ganin ba sai an ɗaga hannu ba, a bar maganar.

"A'a," na ce. "A gaban mutane ka ɗaga ta, a gabansu za ka sauke. Ku ɗaga hannu. Wa ke son makullin ya bar hannuna?"

Ba hannun da ya tashi. Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, har da masu yin shiru a kantin burodi.

"Siebren, wa ya daskarar da dankali?"

"Ba ke ba ce, Hiltje."

"Na baya ba su ji ba. Shekaru ne, kunnuwansu sun yi nauyi."

Ya sake faɗa da ƙarfi. Geeske ta miƙa masa burodi ta ce ya ci, ya yi aiki yau.

Dankalin da ya ruɓe bai dawo ba, kuma masu inshora har yanzu suna bincikensu. Da mutane suka watse na raka Wessel mararraba. Na tambaye shi ko Renske ta san ya zo. Ya ce ita ta ce masa ya ɗauki ranar a matsayin gwajin na'ura, kuma kada ya dawo mata da bokitin nan ofis ko a wanke. Ya ce akwai wasu situna masu tsohon mai gadi irin namu, jiya ya yi ta kiransu ɗaya bayan ɗaya su rufe tagogi da hannu kafin gyaran ya isa gare su.

"Da ka kira su tun da kaka," na ce.

"Da na kira."

Bas ya zo ya shiga. Na koma sito ni kaɗai, na zubar da ƙanƙarar, na mayar da ma'auni jikin bango. Na ja makunni ƙasa, na mayar sama, na tsaya har fitila ta yi kore. Duk da haka sai da na zagaya bangon arewa na taɓa kowace taga da hannuna, sannan na kulle na sa makullin a aljihu.